Ban taɓa gama ɗinki raina ya kwanta ba, hali ne ko ciwo?

Telan Zongo:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema a kan wani abu da ya daɗe yana cina, ban iya faɗinsa a fada don na san dariya za a yi mini. Ni tela ne, ina da atalye nan Zongo da yara aparanti, tun ina ƙarami nake kan keke kuma alhamdulillahi an san hannuna, har daga Mirya da Magarya ana aiko mini shadda. Matsalar ita ce ban taɓa gama riga na ji raina ya kwanta ba. In na yi surfani a wuya na ga layi guda ya ɗan kauce, wanda wallahi in ba ni na nuna maka ba ba za ka gani ba, sai na warware shi duka na sake, wani sa'in har shaddar ta fara nuna ramin allura in koma in biya mai ita daga aljihuna. Kiliyan zai zo ya sa rigarsa ya ce ma sha Allah maigida ka gama aiki, ni kuwa idona na kan wurin nan guda ina jira ya gano. Salula in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake, na ɗauka wani ne zai ce na ɓata mishi kaya.

Azumin da ya wuce abin ya kai maƙura, kun dai san yadda goman ƙarshe take ga tela, ga aiki ya taru ga ɗauke wuta, ni kuma na kasa raba ma yaran aiki don ban yarda da hannunsu ba, komai ni komai ni, in na kwanta ma ɗinki nake lissafi barci ya ƙi zuwa. Da aka yi salla na ce to yanzu zan huta in warware, sai abin ya juye wani iri, ban son hita, ban son fada, abinci ba ɗanɗano, sai in zauna gaban keke in kasa ɗora ƙafa, akwai kayan mutane a leda ko yankawa ban yi ba don tsoron kar in ɓata. Uwargida ta ce na canja, yara ma sun daina wasa in na shigo.

Wani abokina ya ce mini kai dai ka riƙa tausaya ma kanka. To ni nan ne tsorona yake. Babanmu Allah ya jiƙansa shi ya koya mini sana'a kuma bai taɓa duba aikina ya ce ya yi ba, kullum akwai gyara, kuma ina gani tsananin nan ne ya kai ni inda nake. In na sassauta ba zan zama irin telolin da ke haɗa riga hannu guda ya fi guda ba? Donk tambayata biyu ce, wannan hali ne ko ciwo, kuma tausaya ma kai ba lalaci ba ne da aka canja ma suna?

Alhajin Dole:

Wa alaikumus salam yarona. Ni dai abin da zan ce maka ka gode ma Allah da ya ba ka wannan zuciya, don a zamanin nan neman mai aiki tsakani da Allah ake da fitila. Shekaruna nawa a kasuwa ina ganin masu sana'a, wanda duk ka ga ya yi suna to bai yarda da aikin a-gama-a-tashi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mahaifinka bai cuce ka ba, mu ma haka aka yi mana, kuma ga mu. Gajiya ce ta salla ke damunka, ka samu ka yi barci, ka riƙe azkar na safe da marece, ka koma cikin abokanka. Amma wannan magana ta tausaya ma kai ina jin tsoronta ga yaran yanzu, don na ga waɗanda ko rana ba su son ta taɓa su kuma su ce hutu suke ba ransu. Kar ka bari a rage maka himma.

Ɗiyar Birni:

Baba Alhaji ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta himma gaskiya ce kuma ba wanda zai ce a yi aikin banza, amma ka yi haƙuri a wuri guda zan saɓa maka, abin da ɗan'uwanmu ya kwatanta ya wuce gajiyar salla. Ilimin halayyar ɗan Adam na karanta kuma wannan abu an daɗe ana bincike a kansa.

Yaya tela, abubuwa biyu ne suka cakuɗe a wurinka kake ganinsu kamar guda. Akwai son aiki ya yi kyau, ka sa ma kanka mizani mai tsawo kana bi, wannan shi kaɗai ba shi ne ke kwantar da mutum ba. Sai na biyu, wato kuskure ya zama hukunci a kanka kai kanka, layi ya kauce sai zuciyarka ta ce kai ba kowa ba ne, yau asirinka zai tonu. Tun 1990 wani masani Randy Frost da abokan aikinsa suka rarrabe wannan hali kashi-kashi, a ciki akwai tsayin mizani, akwai tsoron kuskure, akwai yawan shakkar abin da ka riga ka gama, akwai kuma sukar iyaye da abin da suke jira daga gare ka. A 1991 wasu biyu a Kanada, Paul Hewitt da Gordon Flett, suka raba shi uku, wanda ke tsananta ma kansa, wanda ke tsananta ma wasu, da wanda ke jin mutane ne ke jira ya zama marar aibi in ba haka ba su yar da shi. Abin da bincike ke ta maimaitawa tun lokacin shi ne tsoron kuskure da shakka da jin idon mutane su ne suka fi tahiya tare da fargaba da ciwon damuwa, fiye da tsayin mizanin kansa nesa ba kusa ba. Ka sake karanta abin da ka rubuto, jiran kiliyan ya gano, faɗuwar gaba in waya ta yi ƙara, kayan da ka kasa yankawa, duk a wancan ɓangaren suke.

Kuma ga yadda yake kewayawa. Ka ɗaure darajarka ga aiki, in aiki ya yi kyau zuciyar ba ta ba ka lada sai ta ce ai wannan mai sauƙi ne ko sa'a ce, ta ƙara ɗaga mizanin, in bai yi ba ta hau ka da zagi, ta kowace hanya dai ba ka cin riba. Tsoro ya sa ka yi ta dubawa da warwarewa, warwarewar ta cinye lokaci da barci, rashin barci ya kawo kuskure na gaske, shi kuma ya tabbatar ma zuciya abin da take faɗi. Daga ƙarshe mutum ya fara gudun aikin gaba ɗaya, kuma wannan gudu da zama shi kaɗai su ne ƙofar ciwon damuwa. Masana a Oxford, Roz Shafran da abokanta, sun zayyana wannan kewaye a 2002 kuma a kansa aka gina magani na zama da magana.

Bon, batun lalaci. Kristin Neff ta jami'ar Texas a Amurka ita ta fara auna tausaya ma kai a 2003, kuma abu uku ta ce ya ƙunsa, ka yi ma kanka magana yadda za ka yi ma wanda kake ƙauna in ya yi kuskure, ka tuna kuskure da wahala ba kai kaɗai suka sama ba kowane ɗan Adam na ciki, sannan ka kalli ɓacin ran yadda yake ba ka danne shi ba kuma ba ka bari ya haɗiye ka ba. Babu inda aka ce ka bar gyara. An ma gwada tambayar taka kai tsaye a 2012 a jami'ar Berkeley, aka ba ɗalibai jarabawa mai wuya da gangan, bayan sun sha kashi wasu aka yi musu maganar tausayi cewa ba ku kaɗai ba ne kar ku tsananta ma kanku, wasu aka yi musu ta yabon kai, wasu ba a ce musu komai ba, sai waɗanda aka yi ma maganar tausayi suka fi daɗewa suna bita kafin jarabawa ta biyu. Dalilin a fili yake, wanda bai tsoron duka daga zuciyarsa shi ke iya tsayawa ya kalli kuskurensa da kyau. A 2018 kuma a Ostareliya Madeleine Ferrari da abokanta sun tambayi matasa 541 da manya 515, suka ga masu wannan tsanani in suna da tausayin kai alaƙarsa da ciwon damuwa tana raguwa, a manya da matasan duka. Wannan na ƙarshe tambayoyi ne aka cika a lokaci guda, donk alaƙa yake nunawa ba wai ya yanke wane ya haifi wane ba, amma ya dace da sauran abin da aka gani.

Ni a ganina ba zagin da kake ma kanka ba ne ya sa aka san hannunka, idonka ne da shekarun da ka yi kan keke, kuma waɗannan ba inda za su je.

Uwar Biyu:

Wallahi malama da kika zo kan na ukun nan, mai jin idon mutane, sai da na ajiye salula na numfasa. Mu mata a nan ne muke mutuwa a tsaye. Ke ce tuwonki bai kamata ya yi gudaji ba, ɗakinki kullum ƙal, yaranki su zo na ɗaya a lakwal, ki je sarbis ki dawo ki ɗora tukunya fuska a sake, dangin miji su zo ba sanarwa su tarar da komai daidai, kuma duk wannan a garin da wani sa'in sai ki kwana kina jiran pampo ya kawo ruwa. In abu guda ya kuskure ba a cewa ta gaji, cewa ake ba ta iya ba, gidansu ba a koya mata ba, har uwarki a jawo ciki. Ina da ƙawa da in za a yi suna ko biki a danginsu tun saura sati take fara zawo da ciwon kai, ba komai ba sai tunanin me za a ce da kayanta da abin da ta kai. Yanzu kuma ga WhatsApp, kowa na ɗora falonta da girkinta, ba mai ɗora ranar da ta yi kuka a bayan ɗaki.

Abin da nake son in tambaya, shi tela zuciyarsa ce ke zarginsa, mu kuwa mutanen da gaske suna nan kuma da gaske suna magana, ba zato ba ne. To tausaya ma kai me zai yi ma bakin uwar miji?

Malamin Garin Malam:

Bismillah. Zan ɗan sa baki ta ɓangaren addini don kar a ɗauka wannan magana baƙuwa ce a wurinmu. Kyautata aiki abin so ne, babu jayayya, Alhaji ya yi gaskiya a nan. Amma Allah da kansa ya ce a ƙarshen Baƙara ba ya ɗora ma rai sai abin da zai iya. A Bukhari an ruwaito Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce in ta gaji da salla sai ta riƙe, ya ce ku kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa in ya gaji ya zauna. To wannan salla ce fa, ina ga wuyan riga. Haka Salmanu ya ce ma Abu Darda'i Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi a kanka, iyalinka na da haƙƙi a kanka, kuma da labari ya kai ga Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ɗana tela, yaran da ka ce sun daina wasa in ka shigo suna cikin masu haƙƙin nan.

Ina ganin irin wannan a wajen ibada ma, mutum ya yi ta sake alwala, ya yi ta sake kabbara yana shakkar niyya har liman ya yi ruku'u, malamai waswasi suke kiransa kuma maganin da suka bayar shi ne ka ƙi biye ma shakkar, ka wuce, ba ka ƙara wankewa ba. Tuba ma haka take, nadama ce da gyara da ci gaba, ba a ce ka zauna kana yanka kanka har ka ɗebe ƙauna ba, ɗebe ƙauna daga rahamar Allah shi ne ma aka hana. Ka riƙe addu'a, kuma ka je a duba ka, biyun ba sa faɗa da juna.

Majo:

Ni ma'aikacin lahiya ne, kuma abin da ya tsaya mini a rubutunka ba surfanin ba ne, sakin layi na biyu ne. Rashin jin daɗin abin da kake so a da, gudun mutane, abinci ya hita kai, barci ya lalace, kasa aiki. In waɗannan suka kai sati 2 kusan kullum to mu a wurinmu ciwon damuwa muke zargi sai an duba an ga ba shi ba ne, kuma daga salla zuwa yanzu ka san ko ka wuce haka. Ba abin kunya ba ne kuma ba hauka ba ne, Hukumar Lahiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 mutum wajen miliyan 280 ke da ciwon damuwa, miliyan 301 kuma ciwon fargaba, kuma sau da yawa tare suke zuwa ma mutum guda.

Ka tahi likita ka faɗi komai yadda ka faɗa mana nan, kar ka tsaya ga kaina na ciwo jikina ba ƙarfi, don da yawa haka suke cewa a ba su parasitamol su koma gida da ciwonsu. A auna tansiyo, a duba jini, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo bugun zuciya da kasala irin wannan. Ka rage shayi mai kauri da nescafe da dare. Kuma don Allah don Annabi kar wani ya ba ka tramol ko ƙwayar barci ta tebur wai don ka iya aikin dare, na ga inda wannan hanya ke kai masu sana'a. In dokta ya rubuta maganin damuwa ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa kuma ba a yanke shi kai tsaye sai da shawararsa.

Abu na ƙarshe kuma ba na jin nauyin tambayarsa, in har tunani ya taɓa zo maka cewa gara ba ka duniya ko ka yi ma kanka wani abu, yau ɗin nan ka gaya ma uwargida ko wani babba da ka yarda da shi a raka ka asibiti, kar ka jira gobe.

Telan Zongo:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Allah gafarta malam maganar igiyar nan ta shige ni. Majo alhamdulillahi wancan tunani bai zo mini ba, amma sauran duk akwai kuma ya wuce sati 2, zan tahi in sha Allah. Malama ni dai a aikace nake son in gane, gobe in na zauna kan keke na ga layi ya kauce me zan yi, in bar shi haka?

Ɗiyar Birni:

Ba kowane za ka bari ba yaya. Kafin ka fara riga ka yanke ma kanka doka tun hankalinka na kwance, misali abin da ake gani daga tsayuwar mai gaisawa da kai a gyara, wanda sai an kai ido kusa da zare a bar shi, kuma dubawa sau guda in an gama a ninke a sa leda. Sai ka gwada da riga guda ka rubuta abin da kake tsoron zai faru, ka ba mai ita, ka ga ko ya faru. Gabanka zai faɗi a ranar, ka bar shi ya faɗi, yana sauka da kansa in ba ka warware ba, kuma kowane karo yana raguwa. Ka ba babban yaronka wando ko aljihu ya yi daga farko har ƙarshe ba ka karɓe ba. In zagin ya taso a zuciya ka tambayi kanka in abokinka tela ne ya yi wannan kuskure ya zo maka da shi me za ka ce mishi, to shi za ka ce ma kanka, ko da farko ka ji kamar ƙarya kake.

Uwar Biyu tambayarki ta fi wuya kuma ba zan ce miki tausayin kai na rufe bakin kowa ba. Idon mutanen ma ba zato ba ne, a 2019 Thomas Curran da Andrew Hill sun haɗa bayanan ɗalibai sama da 40,000 na Amurka da Kanada da Birtaniya daga 1989 zuwa 2016 suka ga nau'in nan na jin idon mutane ne ya fi hauhawa, da kusan kashi 33 cikin 100. Abin da tausayin kai yake yi shi ne in an faɗi magana sau guda da rana ba ki ɗauke ta ki yi ta maimaita ma kanki har asuba da muryarki ba. Kuma Neff da kanta ta ce tausayin kai na da ɓangaren tsayuwa, ki iya cewa yau ban iya ba, ko ki ce ma maigida ya yi ma danginsa magana, don wani nauyin ba a zuciyarki gyaransa yake ba a gidan yake.

Alhajin Dole:

To ɗiyata na ji, kuma malam ya kawo hujja ba ni da ta cewa a kanta. Ya je likita ɗin. Amma har yanzu ina nan kan bakana a wuri guda, yaro in ba a nuna mishi kuskurensa ba ba ya koyo. Ni nawa yaran ban iya ganin abu a karkace in yi shiru.

Ɗiyar Birni:

Baba kar ka yi shiru, ka nuna. Abin da ake cewa a raba shi ne wannan lissafi bai yi daidai ba sake shi, da kai ba ka da amfani ba za ka taɓa iya komai ba, na farko aiki ya taɓa na biyu yaron ya taɓa, kuma na biyun ne yake ɗauka ya tahi da shi har ya girma. In ya yi daidai kuma a faɗa mishi da baki ya ji, don yaro bai san shirun babba yabo ne ba. Yaya tela wannan har da kai da aparantinka, in babban ya gama wandon nan ka duba abin da ya yi kyau ka fara faɗinsa kafin gyaran.